Direbobin kwamfuta: kada garin neman ƙiba mu samo rama

Da yawanmu mun taɓa cin karo da wannan saƙon. Muna tsaka da bitar tambayoyin JAMB a kwamfutar gida, sai ga wani jan akwati ya faɗo kan allo yana cewa direbobin kwamfutar sun tsufa, mu latsa a gyara. Gabanmu ya faɗi, domin kwamfutar ta Yaya ce ko ta Baba, aro muka yi. To, mu latsa ko mu ƙyale?

Mu ƙyale. Amma bari mu fara sanin wane ne wannan direban, don ba na mota ba ne. Wata 'yar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin Windows da sassan kwamfuta: firinta, lasifika, kyamara, allo da na'urar kama Wi-Fi. Kowane sashe da nasa direban. Idan muka ba da umarnin buga takarda, shi ne zai mayar da umarnin zuwa yaren da firinta take ji.

Galibin wannan aikin Windows Update yana yin sa da kansa, ba tare da mun sani ba. Saboda haka idan sauti yana fita, allo garau, intanet yana kamawa, babu abin da za mu taɓa. Sabon direba ba ya mayar da tsohuwar kwamfuta sabuwa. Waɗancan saƙonnin masu tayar da hankali kuwa, yawanci talla ce. Wasu kuɗi suke nema, wasu kuma ƙwayar cuta suke shigowa da ita, ga asarar data.

Ko manyan kamfanoni sabuntawa takan juye musu. A ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya aika wani gyara mai kuskure ga manhajarsa, wadda take aiki a can cikin Windows kamar direba. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya cak, aka soke tashin dubban jirage, aiki ya rikice a bankuna da asibitoci.

To, yaushe ne sabuntawa ta zama dole? Idan wani sashe ya daina aiki, kamar sauti ya ɗauke ko Wi-Fi yana ta yankewa. Idan mun haɗa sabuwar firinta kwamfuta ta ƙi gane ta. Idan mai ƙera kwamfutar ya sanar da gyaran wata kafa da ɓarayin intanet ke iya bi. Sai kuma masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo, domin Nvidia da AMD da Intel suna yawan fitar da sababbin direbobin hoto.

Ga yadda za mu duba: mu buɗe Device Manager. Idan akwai alamar motsin rai cikin ɗorawar alwatika a jikin sunan wani sashe, nan matsalar take. Mu fara gwada Windows Update. Idan bai yi ba, mu je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ko Dell ko Lenovo, mu nema da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Kada mu sauke daga wani wuri dabam.

Kafin nan, mu kwashe aikin makaranta zuwa filash, mu tabbatar batir yana da caji, kada a ɗauke wuta aiki ya tsaya a tsakiya. Idan sabon direban ya ƙara dagula lamari, a cikin Device Manager akwai Roll Back Driver, wanda ke dawo da na da.

Abu na ƙarshe: mu nemi izinin mai kwamfutar tukuna. Kuma kada mu yi wannan gwajin ana gobe jarrabawa.