Tsagar Bangon da Ke Jikin Kwamfutarka

Ranar Juma'a, 12 ga Mayun 2017, ma'aikatan asibitoci da dama a Ingila suka ga wani jan saƙo ya mamaye allon kwamfutocinsu. An kulle fayilolin da ke ciki, kuma ba za a buɗe ba sai an biya fansar dala 300 da kuɗin Bitcoin. Cikin 'yan kwanaki wannan muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, masu kwamfutocin ba su latsa komai ba. Akwai wata kafa a hanyar da Windows ke musayar fayiloli tsakanin kwamfutoci, ita kuwa manhajar tana zagaya intanet kamar ɓarawon da ke bi gida-gida yana taɓa ƙyaure. Inda ta samu a buɗe sai ta shige, daga nan ta tsallaka maƙwabta. Makamin da ta yi amfani da shi, EternalBlue, daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aka sace shi, aka watsa a watan Afrilu. Amma tun a watan Maris kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran kafar. Wanda ya sabunta kwamfutarsa ya tsira. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To mu fa? Da yawanmu Windows ɗin kwafi mai gyara ya ɗora mana, sannan muka kashe sabuntawa don tana cinye data. Ban ga laifin mai tattalin data ba, tsada gare ta, sai dai arhar nan tana iya zama bashi. Wasu har yau Windows 7 suke amfani da ita, alhali tun Janairun 2020 aka daina toshe mata kafofi. Ga filas da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis, ga manhajojin da aka fasa ake rabawa kyauta, waɗanda sau da yawa da baƙo a goye suke zuwa.

Wani zai ce, "Ni me na ajiye da za a sata?" Akwai kalmomin sirrin da ka adana, akwai imel ɗinka wanda da shi ake canza mabuɗin sauran asusunka, akwai kyamarar da ke kallon ɗakinka. Ko babu waɗannan, kwamfutar kanta abin so ce: a haɗa ta da dubban irinta a kai wa wasu hari, ko a riƙa haƙar kuɗin kirifto da ita, kai kuma kana ta mitar ta yi nauyi.

Ka kunna sabuntawa, ko da sau ɗaya a wata ne inda ka samu intanet mai sauƙi. Muhimman takardunka kuma ka kwafe su a wani faifai daban, ka zare shi ka ajiye, domin idan yana maƙale lokacin da aka shigo, tare za a kulle su.