Ƙwallon Kwando a Makarantun Midil na Amurka

A arewacin ƙasar Amurka, idan watan Nuwamba ya kama, sanyi yakan sauko ƙwarai, har dusar ƙanƙara ta rufe filayen wasa. Yara ba su iya fita su yi guje-guje kamar yadda suka saba. To, a lokacin nan ne a ke fara wasan ƙwallon kwando a makarantu, domin shi wasa ne na cikin zaure.

Sanyin nan shi ne ma asalin wasan. A watan Disamba na shekarar 1891, wani malami mutumin Kanada, ana ce da shi James Naismith, yana koyarwa a garin Springfield cikin jihar Massachusetts. Aka umurce shi ya nemo wa ɗalibansa abin da za su motsa jiki da shi har hunturu ya wuce. Sai ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya kafa su ƙafa 10 daga ƙasa, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ya rubuta dokoki 13, ya raba ɗalibai 18 gida biyu, ya miƙa musu tamaula. Har yau tsayin nan bai sake ba, sai dai yanzu zoben ƙarfe a ke kafawa da raga marar gindi, 'yan wasa kuma biyar-biyar ne.

Yaran makarantar midil a can, galibi shekarunsu 11 zuwa 14 ne. Kafin a soma wasannin shekara, malamin wasa yakan yi shela, duk mai so ya zo gwaji. Ya kwana biyu ko uku yana duban gudunsu, da jifarsu, da yadda su ke bin umurni. Sa'an nan ya zaɓi kamar 12 ko 15, ya manna sunayensu. Ran nan wasu su koma gida da murna, wasu da hawaye.

Amma rashin ganin suna a takarda bai yanke wa yaro ƙauna ba. A shekarar 1978, a garin Wilmington na jihar North Carolina, wani yaro mai shekara 15 ya nemi shiga babban rukunin makarantarsu ta sakandare, aka bar shi a ƙaramin rukuni. Bai yi zuciya ya daina ba, sai ya ƙara ƙwazo. Yaron nan shi ne Michael Jordan, wanda ya ci gasar manyan ƙwararru ta Amurka sau 6 tare da ƙungiyar Chicago Bulls, tsakanin 1991 da 1998.

Waɗanda aka zaɓa kuwa, aiki ya same su. Ko wace rana in an tashi daga makaranta, sai su tsaya koyo, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Su koyi buga ƙwallo a ƙasa da hannun dama da na hagu, domin doka ta hana mutum ya rungume ƙwallo ya yi tafiya da ita. Su koyi miƙa wa juna, da jifa cikin kwando, da tare abokin gaba ba tare da an ture shi ba.

Ga yadda a ke lissafi. Wanda ya jefa ƙwallo ta faɗa kwando, an ci maki 2. In daga bayan wani layi mai kama da baka ya jefo, maki 3 ke nan. Idan an ture mutum ko an doke hannunsa sa'ad da ya ke jifa, alƙali ya busa usur, a ba shi jifar kyauta, ko wace ɗaya maki 1. Yaron da ya yi laifi irin wannan har sau 5, ya fita ke nan, ba ya komawa ran nan. Ana raba wasa kashi huɗu, a makarantun midil galibi minti 6 ko wane kashi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu a ke karawa da makarantun maƙwabta, sau ɗaya ko biyu a mako. Yau a karɓi baƙi, gobe a shiga motar makaranta a tafi baƙunci. Masu gida su kan sa fararen riguna, baƙi su sa masu duhu, don kada a rikice. Iyaye da 'yan'uwa su zauna bisa benci suna tafi. In an tashi, 'yan wasa su jeru su gaisa hannu da hannu, da wanda ya ci da wanda aka cinye.

Akwai wata doka wadda ta fi ta alƙali tsanani. A makarantu da yawa, yaron da ya faɗi a darussansa ba ya wasa sai ya gyara. Kome gwanintarsa, sai ya zauna yana kallo, ko da ana cinye 'yan'uwansa. Don haka malamin wasa yakan bi malaman aji yana tambayar labarin yaransa, yara kuma su riƙa taimakon juna da lissafi da karatu.

A ƙarshen lokaci, a wurare da yawa akan shirya babbar gasa. A nan ba a ramuwa: rukunin da aka cinye sau ɗaya ya koma gida, har a rage saura biyu su yi karon ƙarshe, a ba masu nasara kofi. Sau da yawa akan ga rukuni mai gwani ɗaya ya sha kashi a hannun yaran da ba su kai shi iyawa ba. Dalili kuwa, in yaro ɗaya ne ke riƙe ƙwallo kullum, abokan gaba sai su sa mutum biyu su tsare shi, shi ke nan hanya ta toshe. Amma in biyar ɗin suna miƙa wa juna, ba a san wanda za a tsare ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da ƙanƙara ta narke, sai a wanke riguna a mayar wa makaranta. Manyan yara su wuce sakandare, inda za su sāke shiga gwaji tun daga fari. Ƙanana kuwa su kafa kwando a ƙofar gida, suna jifa har Nuwamba ta kewayo.