Yadda Haske Ke Karya Tururin Guba

Ƙauyenmu yana ƙasar Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba ka samun fili ko na ɗaure akuya. Da rani mahaifina yana noman lambu da ruwan Jakara. Shi kuwa wannan ruwa daga cikin birnin Kano yake fitowa, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. Wannan ne ya sa da malaminmu na kimiyya ya ɗauko darasin gubar masana'antu, na kasa kunne fiye da kowa a aji.

Akwai waɗansu ruwaye masu sinadarin kulorin da ake wanke maiƙo da su a jikin ƙarfe, da kuma wankin tufafi na zamani wanda ba a sa ruwa. Sanannensu shi ne tirikuloro'etilin. Yana da saurin tashi ya bi iska kamar fetur, idan kuma ya zube sai ya nitse ƙasa ya iske ruwan rijiya. A shekarar 2012 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin ƙoda. A Amurka ma, a barikin soja na Lejun, mutane sun yi ta shan ruwa mai irin wannan guba daga 1953 har 1987.

To, yaya ake kashe shi? Da farko ana hura iska cikin gurɓataccen ruwan, gubar ta fito ta zama tururi. Sai a bi da tururin ta cikin bututu wanda aka shafe da wani farin gari mai suna titaniyam dayoksaid. Kada ku ji sunan ya firgita ku, shi ne dai ke sa farin fenti ya yi fari, kuma ma'adininsa akwai shi a ƙasar Jos. Mutanen Japan biyu, Fujishima da Honda, su suka bayyana wa duniya a 1972 cewa idan haske ya dira a kansa yana iya raba ruwa gida biyu.

Ga yadda abin yake. Idan aka haska garin da hasken altarabayolet, wato ɓangaren hasken rana wanda ido ba ya gani, sai ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa su zabura su bar gurabensu. Waɗannan guraben da ƙwayoyin su ke haɗuwa da danshi da iskar oksijin, su haifar da waɗansu sinadarai masu zafin nama, su kuma su far wa tururin su farfasa shi. Ƙarshenta sai a sami iskar kabon da muke fitarwa a numfashi, da asid wanda ake tarewa da ruwan soda. Garin kansa ba ya ƙarewa. Ni dai na kwatanta shi da dutsen niƙa: gero ke zama gari, dutse yana nan.

Amma fa akwai haɗari. Idan tururin ya wuce da sauri bai gama karyewa ba, yakan fito da fosjin, iskar da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Farko. Saboda haka ba aikin da ɗalibi zai gwada a ɗakin kwana ba ne.

Da na koma hutu na yi wa Baba bayani, sai ya ce, "Kai yaro, in rana ce ai muna da ita har ta yi mana yawa." Na ce masa garin ba ya amfani sai da wajen kashi 5 cikin 100 na hasken, shi ya sa ake haɗawa da fitilun lantarki, kuma ƙurar hunturu za ta iya rufe gilashin. Ya yi shiru, sannan ya miƙo mini garma.