Ba Duk Mai Kaki Ba Ne Ɗan Sanda a Ƙasar Sin

Kwanakin baya wani abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp: wasu masu kaki a ƙasar Sin suna kwashe kayan wata mai talla suna lodawa a mota. Ya rubuta, "Ka ga 'yan sandan can ma ba su da tausayi." Na ce masa tsaya tukuna, mai yiwuwa waɗannan ba 'yan sanda ba ne. Yau shi nake so mu warware.

Na farko akwai 'yan sanda na ainihi, waɗanda suke kira Gong'an, ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Jama'a. Su ke binciken laifi, su ke kama mutum, kuma lambar kiran su ta gaggawa ita ce 110. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: a kan ƙaramin laifi, doka ta ba su ikon tsare mutum har kwana 15 ba tare da an kai shi kotu ba.

Na biyu akwai rundunar 'yan sanda masu makamai. Sunan ne kawai na 'yan sanda, amma tsarinsu na soja ne, kuma tun Janairun 2018 suna ƙarƙashin Hukumar Koli ta Soja. Su ake fitarwa idan tarzoma ta ɓarke.

Na uku su ne Chengguan, jami'an kula da tsarin birni, waɗanda aka fara kafawa a Beijing a 1997. Aikinsu hana kasa kaya a bakin titi, hana gini ba izini, da kula da tsafta. Kamar dai yadda a Kano ba za ka kira ɗan KAROTA ɗan sanda ba, haka su ma. Suna iya cin tara, suna iya ƙwace kaya, amma ba su da ikon tsare mutum.

To amma fa su ne suka fi ƙaurin suna. A watan Mayun 2009, wani mai gasa nama a Shenyang, Xia Junfeng, ya kashe Chengguan biyu da wuƙa. Ya ce dukansa suke yi, kare kansa ya yi. Kotu ba ta yarda ba, aka zartar masa da hukuncin kisa a Satumbar 2013, jama'a da yawa suka yi ta tausaya masa a intanet. A Yulin shekarar kuma, wani mai sayar da kankana a lardin Hunan, Deng Zhengjia, ya mutu bayan rigima da su, aka ɗaure jami'ai huɗu.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Da yawanmu muna da ɗan'uwa da ke zuwa Guangzhou saro kaya. Idan ba a otal ya sauka ba, dole ya je ofishin 'yan sandan unguwa ya yi rajista cikin awa 24. Ya riƙa yawo da fasfonsa, kuma kada ya bari bizarsa ta ƙare, domin a nan Gong'an ne za su yi maganarsa, ba Chengguan ba.

Ku tura wa wanda kuka san yana shirin tafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mu.