Bugun Tazara a Wasan Yara: Hannun Alƙali Ma Darasi Ne

Dokar ƙwallon ƙafa ta 13, wadda hukumar IFAB ke kula da ita, ta raba bugun tazara gida biyu. Akwai na kai-tsaye, wanda ake bayarwa idan an yi ƙeta ko an taɓa ƙwallo da hannu, kuma yana iya zama ci ba tare da kowa ya taɓa ba. Akwai kuma wanda sai wani ɗan wasa ya taɓa ƙwallon kafin ta shiga raga. A wannan na biyun, alƙali ya ɗaga hannu sama, ya bar shi a ɗage har wani ɗan wasan ya taɓa ƙwallon. A wasan yara, ina ganin wannan alama ta fi usur muhimmanci, domin yaro ɗan shekara tara da ido yake koyon doka. A Amurka, inda aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015, irin wannan bugun ne hukuncin wanda ya saɓa.

Wasu masu horarwa na kukan cewa tsayawa auna tazarar mita 9.15 daga ƙwallo da jera katanga yana kashe armashin wasa. Kukansu yana da tushe, shi ya sa doka ta yarda a buga da sauri idan ƙwallo na tsaye a wurin laifin. Amma yaron da aka bari ya tsaya taku uku gaban ƙwallo, fuskarsa ce a cikin haɗari. A ƙaramin fili ana rage tazarar, sai alƙali ya duba ƙa'idar gasar tun kafin a take wasa.