Tsufa da Babur: Yaushe Ya Kamata Dattijo Ya Sauya Abin Hawansa?

Daga wakilinmu a Maraɗi

Duk wanda ya tsaya bakin babbar kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a da hantsi zai ga yadda babura ke kwararowa daga Tibiri da Jiratawa da Madarunfa da sauran garuruwan kewaye. In ya ƙara lura, zai tarar ba samari kaɗai ke bisa ba. Akwai dattawa masu furfura da yawa, wani da buhun albasa a baya, wani da jika a gaba, wani kuwa babbar riga ce iska ke kaɗawa. Da yawansu sun yi shekara 30 ko 40 suna hawan babur, ko moto kamar yadda muka fi faɗi a nan. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, shin babur ɗin da ya dace da mutum yana ɗan shekara 35, shi ne ya dace da shi yana ɗan 65?

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a gidanmu ya faru. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya kusa shekara 70, kuma tun ina yaro nake ganinsa bisa babur. Bara, bayan sallar la'asar, ya iso ƙofar gida ya tsaya cak, ya kai ƙafa ƙasa sai ta nutse cikin rairayi. Babur ya karkata, ya yi ƙoƙarin tare shi, ƙarfi bai kai ba, ya faɗo masa a ƙafa. Ba gudu yake ba, ba wanda ya buge shi. Amma ƙashi ya karye, ya yi wata uku kwance, lambunsa ya bushe, kuma har yau da sanda yake zuwa masallaci. Da na je gaishe shi na ce, "Kawu, ai da ka bar mana wannan babban, mu nemo maka ƙarami." Ya dube ni ya ce wai so nake in ɗora shi bisa babur ɗin mata. Wannan amsa tasa ita ce tushen matsalar.

Yadda muka koma manyan babura

Waɗanda suka girma a shekarun 1980 sun tuna abin da iyayenmu ke hawa. Mobilet ce mai feda, wadda nauyinta bai wuce buhun siminti ba, sai kuma ƴan ƙananan Yamaha masu buɗaɗɗen gaba. Manyan babura masu dogayen ƙafafu irin DT sai malaman gona da ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, kayan Japan da na Faransa suka yi tsadar da talaka bai iya kaiwa. Daga farkon shekarun 2000 sai baburan ƙasar Sin suka cika kasuwa da araha, daga baya na Indiya irin Boxer da TVS suka biyo.

Galibin baburan Sin masu lamba 125 an kwaikwayo su ne daga Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975 musamman don ƙasashen da hanya ba kyau kuma gyara ke wuya. Babura ne masu juriya, suna ɗaukar kaya, kuma kowane mai gyara ya san cikinsu. Sai dai kowanensu ya haura kilo 100 tun kafin a ɗora masa komai. Wato mutumin da ya koyi hawa bisa mobilet yana saurayi, yau da ya tsufa yana riƙe da abin da ya ninka ta nauyi sau biyu ko fiye. Ƙarfinsa na raguwa, nauyin abin hawansa na ƙaruwa.

Abin da shekaru ke ragewa

Hausawa sun ce jiki magayi. Likitoci sun nuna cewa daga shekara 30 tsokar jikin mutum na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma bayan shekara 60 ragin na ƙara sauri. Babur in yana tafiya shi ke riƙe kansa, amma in ya tsaya, ko ana juya shi cikin lungu, ko ya shiga yashi, ƙafa da ƙugu da damtse ne ke riƙe shi. Shi ya sa faɗuwar dattawa da yawa a tsaye take faruwa ko a tafiyar sannu, kamar ta kawuna. Mu kuwa a Maraɗi, da ka sauka daga kwalta rairayi ne ke jiranka.

Na biyu shi ne ido. Tun daga wajen shekara 40 zuwa 45 mutum ke fara nisanta takarda kafin ya iya karanta ta. Wannan da sauƙi. Wanda ya fi shafar mai babur shi ne ganin dare, domin hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. In kuma yanar ido ta fara, fitilar motar da ke tahowa sai ta watsu a idon mutum ya daina ganin gefen hanya. A haɗa wannan da ƙurar hunturu, da amalanken shanu da na jakuna waɗanda ba su da fitila, sai a gane dalilin da ya sa tsakanin magariba da isha ya zama lokaci mafi haɗari ga dattijo.

Na uku, saurin ɗaukar mataki. Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. In akuya ta yanko hanya, jinkirin rabin daƙiƙa kafin a taka birki mita bakwai ne, kuma sau da yawa waɗannan mita bakwai su ne tsakanin "Allah ya kiyaye" da "Allah ya ba da lafiya". Ga wuya da ke ƙagewa har waiwaye ya zama aiki, ga kunne da ke yin nauyi. Masu hawan jini da ciwon sukari kuma suna da nasu ƙarin, don jiri na iya ɗibar mutum bisa hanya, musamman a zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ko cikin azumi.

Na huɗu shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwa. Saurayi zai faɗi ya tashi ya kakkaɓe wando, amma ƙashin tsoho ya yi rauni kuma ba ya saurin haɗewa. Wasu masu bincike na jami'ar Brown a Amurka sun fitar da sakamako a 2013, bayan sun duba bayanan waɗanda suka yi haɗarin babur a ƙasar daga 2001 zuwa 2008. Sun gano cewa yiwuwar a kwantar da mai shekara 60 zuwa sama a asibiti ta ninka ta matashi sau uku. Can ke nan da motar ɗaukar marasa lafiya ke isowa cikin mintoci. A ƙauyukanmu sai an nemi abin da za a ɗauki mutum, wani lokaci ma a fara kai shi wurin mai ɗori. Karayar ƙugu kuwa ba aikin ɗori ba ce, kuma tsoho in ya daɗe kwance wasu cututtukan ke samun ƙofa.

Gwaji huɗu a ƙofar gida

Kada mai karatu ya ɗauka ana nufin duk wanda ya cika shekara 60 ya jingine babur. Akwai ɗan 70 da ke noma da hannunsa, akwai ɗan 50 da gwiwa ta riga ta gama da shi. Takardar haihuwa ba ta auna wannan. Ga gwaji huɗu da kowa zai iya yi ba tare da ya biya ko dala ba.

Da farko, ka zauna bisa babur ɗinka, ka ga ko tafin ƙafafunka biyu na taka ƙasa sosai, ba da yatsu ba. Na biyu, a kwantar da shi ƙasa, ka gwada tada shi kai kaɗai. Na uku, ka tura shi baya taku goma cikin rairayi, sannan ka ɗora shi bisa tsakiyar jaki. Na huɗu, ka waiwaya hagu da dama ka ga bayanka ba tare da kan babur ya bi ka ba. Wanda ya kasa biyu daga cikin waɗannan, babur ɗin ya fi ƙarfinsa, ko da shekara nawa ya yi yana hawansa.

Shin "na mata" ne?

Wanda kawuna ya raina, wato mai buɗaɗɗen gaba da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira roba-roba, asalinsa Honda Super Cub ne da aka fara ƙerawa a Japan a 1958. A 2017 kamfanin ya sanar da cewa ya ƙera guda miliyan 100, abin da wani abin hawa mai inji bai taɓa kaiwa ba a duniya. Ba don mata aka yi shi ba. An yi shi ne don kowa ya iya hawa, shi ya sa ba shi da kuloci na hannu, giya kawai ake takawa.

Amfaninsa ga dattijo a fili yake. Ba sai an ɗaga ƙafa an tsallaka sirdi ba, wanda shi ne wahalar mai ciwon ƙugu. Nauyinsa na ƙasa-ƙasa, saboda haka bai da saurin rinjayar mutum. Yawancinsu sarƙarsu a rufe take, kuma duk mai sa babbar riga ya san abin da ke faruwa in sarƙa ko taya ta kama bakin riga. Yana tashi da maɓalli, in dai ana kula da batir, sai gwiwa ta huta da bugun kik. Ga shi ba ya shan mai sosai, abin da ya ƙara muhimmanci tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man bakin hanya da muka saba saye da araha ya yi tsada.

Sai dai a faɗi gaskiya, yana da nasa rauni. Ba ya ɗaukar buhu biyu na gero, kuma cikin yashi mai zurfi irin na hanyoyin ƙauye bai kai babban ƙarfi ba. A kuma bambanta shi da sikuta mai ƴan ƙananan tayoyi, wadda ta dace da kwalta amma rami da rairayi ke kayar da ita nan da nan. Mai neman sauyi ya dubi mai manyan tayoyi. Shi kuma adaidaita mai ƙafa uku ba ya faɗuwa a tsaye, amma yana kifewa in aka sha kwana da gudu, don haka sai an koye shi kamar sabon abu.

Waɗanda ba su da zaɓi

Da muka tattauna wannan batu a wani shirinmu na rediyo, masu saurare da dama sun tunatar da mu cewa ba kowa ke da halin sauyawa ba. Akwai dattawa ƴan kabu-kabu da babur ɗin shi ne tukunyar gidansu, wasu ma ba nasu ba ne, kullum sai sun kai wa mai shi kuɗi. Ka ce da irin wannan ya sayi ƙarami, ka yi masa ba'a ne. Amma ko shi akwai abin da zai iya sauyawa. Ya bar wa samari aikin dare. Ya daina ɗaukar mutum biyu ko kayan da suka fi ƙarfinsa. Ya maida madubai biyun da aka cire don ado, domin su ne za su yi masa waiwayen da wuya ta daina yi. Ya sa mai gyara ya rage masa tsawon sirdi, ya gyara birki da fitila. Ya je a duba masa ido, domin aikin cire yana ba ya ɗaukar lokaci kuma gani na dawowa.

Sai maganar kaske, wato hular kwano. Dattawanmu na jin nauyin cire hula ko rawani su sa ta, suna ganin zubar da girma ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda rahotonta na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, ta nuna cewa kaske mai kyau da aka ɗaure daidai na rage haɗarin raunin kai da wajen kashi 70 cikin 100. Hula za ta iya jira cikin aljihu har a sauka.

Aikin ƴaƴa da jikoki

A al'adarmu yaro ba ya ce wa babba ka tsufa. Shi ya sa gidaje da yawa ke ganin alamu, tsoho ya faɗi sau ɗaya, sau biyu, a yi shiru sai babbar ta auku. Wasu kuma sai su ɓoye makulli, su raba shi da babur gaba ɗaya. Wannan ma kuskure ne, domin babur ɗin nan shi ke kai shi gona da kasuwa da jana'iza da zumunci. Ranar da aka zaunar da shi, ranar tsufa na gaske ke farawa. Abin da ya fi shi ne a bi ta hannun aboki ko sa'ansa da yake jin maganarsa, in da hali kuma ƴaƴa su haɗa kuɗi su kawo masa mara nauyi a matsayin kyauta, su karɓi babban da sunan za a riƙa yi masa aike da shi.

Haka muka yi wa kawuna bayan salla. Kwana biyu bai ko dube shi ba. A rana ta uku aka gan shi ya nufi Jiratawa a kansa, sandarsa ɗaure a gefe. Bai ce mun yi daidai ba, mu ma ba mu tambaya ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, ya kiyaye mu da su bisa hanya, amin.