Yumɓu da zafin sharar nukiliya

Duk macen da ta taɓa gina tukunya ta san wuta na sauya halin yumɓu: in ya gasu, ko an jiƙa shi shekara ba zai sake laushi ba. Zafin da ke damun masanan Turai bai kai na gashin tukunya ba, ko kusa, amma ya isa ya hana su barci. A cikin yumɓu suke son binne sharar tashoshin nukiliya, ita kuwa ko an ajiye ta shekaru gommai ta huce, ba ta daina fid da zafi har ɗaruruwan shekaru.

Riƙon yumɓu ne ya ja hankalinsu. Da ƙyar ruwa ke ratsa shi, in ya tsage kuma danshi ya taɓa shi, yakan kumbura ya toshe tsagar da kansa. To, a nan gizo ke saƙar. Yumɓun can ƙasa cike yake da ruwa a 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Zafi na tasowa, ruwan ya fi ƙasar saurin buɗewa, ga shi babu mafita. Sai matsi ya taru, ƙwayoyin ƙasar su sassauta riƙon da suka yi wa juna. In abin ya wuce kima, wurin na iya darewa, gubar da aka tsare ta sami hanya.

A garin Mol na Beljiyam akwai ɗakin gwaji mai suna HADES, kimanin mita 225 a ƙarƙashin ƙasa. A 2014 aka kunna na'urar ɗumama a wani rami a can, a 2015 bangonsa ya kai digiri 80, aka tsara a riƙe shi haka shekara goma. Matsin ruwan ya hau, yumɓun dai bai saki ba. Faransa kuwa, wadda ta daɗe tana ƙona yuraniyam ɗin Arlit a tashoshinta, ta zaɓi Bure don binne sharar, a zurfin mita 500, ta kafa ƙa'idar kada zafin yumɓun wurin ya haura digiri 90. Shi ya sa dole a ba da tazara tsakanin ramukan ajiye sharar, filin ya faɗaɗa, kuɗin ya ƙaru.

Sakamakon Mol abin kwantar da hankali ne, ban musa ba. Sai dai shekara goma aka gani da ido. Dubban shekarun da suka rage, lissafin kwamfuta ne.